Haƙora 28 tsakanina da muryar Babana

(Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin 'yan uwa da data ba ta isa su saurara ba.)



Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Kuma maganar da zan yi a kan giya ce. A'a, ku dakata, ba wadda Hisbah ke fasawa ba. Giya irin ta inji nake nufi, ɗan faifan nan mai haƙora da ke juya ɗan uwansa. Tawa ma ba ta mota ba ce, 'yar mitsitsiya ce ta roba, faɗinta bai kai na murfin kwalbar lemo ba. Tana cikin tsohuwar rikoda. Wannan 'yar aba ta kusa raba gidanmu da muryar mahaifinmu har abada.

Na san akwai masu saurarona da ba su taɓa riƙe kaset a hannu ba. Ku yi haƙuri ku biyo ni, za ku gane inda na dosa, kuma wataƙila kafin mu gama wani zai tashi ya je ya buɗe adakar kakarsa.

Ni mutumin Unguwar Lalle ne, a ƙaramar hukumar Sabon Birni, can gabashin jihar Sokoto, ƙasar Gobir. Wanda ya san yankin ya san abin da ya same mu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Sabon Birni da Isa. A watan Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar garinmu, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan nan ne muka ɗauko Inna da ƙanwata muka dawo cikin Sokoto. Wasu dangi suka tsallaka Nijar, wajen Gidan Rumji da Maraɗi.

Ranar da za mu taso, na ce wa Inna ta ɗauki abin da ya zama dole kawai. Sai da muka iso na ga abin da ta ƙunso a cikin zane: ƙaramar rikoda irin mai hannu ɗin nan da ake ratayawa, da kaset guda bakwai a cikin gwangwanin madara. Ta bar tukwane, ta bar katifa, ta ɗauko rikodar da ta fi shekara ashirin ba ta yi magana ba. A lokacin har na ji haushi. Ban ce komai ba dai.

Shida daga cikin kaset ɗin na waƙa ne da wa'azi. Akwai na Narambaɗa, wanda ku ma kun san namu ne, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Akwai na Ɗan Anace, akwai na tafsiri. Na bakwai ɗin babu hoto, babu komai, sai rubutun ajami da biro a jikinsa. Wasiƙa ce.

Ƙannena, da can haka ake yi. Mutum yana ci-rani a Ikko ko Kumasi ko Makka, ba waya, kuma ba kowa ke rubutu ba. Sai ya sayi kaset, ya zauna gaban rikoda ya danna jan maɓalli, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi saƙonsa, ya ba direba ko wani mai komawa gida. Saƙon murya na WhatsApp da kuke taƙama da shi, iyayenmu sun riga ku, sai dai nasu yakan yi sati biyu a hanya.

Babanmu yana Kumasi yana harkar goro lokacin da ciwo ya kama shi a 1999. Ya yi wannan kaset ya aiko, bai dawo ba, can aka yi masa sutura. Ina ɗan shekara shida. Ƙanwata kuwa tana ciki, ba ta taɓa jin muryarsa ba. An saurari kaset ɗin a zauren gidanmu lokacin zaman makoki, aka sake saurare sau ɗaya ko biyu, sai wata rana rikodar ta cinye wani kaset na waƙa, ta tattauna zaren. Tun daga ranar Inna ta hana a sa na Baba a ciki. Ta naɗe, ta adana.

Bara, da aka sa ranar auren ƙanwata, Inna ta kira ni bayan sallar isha'i. Ta ce, “Ɗan nan, rikodar ga ta babanku, ba a iya tashe ta?” Na ce, “Inna, wa ke gyaran rikoda yanzu?” Ta yi shiru. Can ta ce, “Akwai magana ciki da ta hana mani kwana. Ya hwaɗi wani bashi, ni kau lokacin ina cikin takaba, ga ciki, ban riƙe ko na wa ne ba. Baffanku da yas san zancen ya rasu. Ban sani ba ko an biya.”

Jama'a, kun san matsayin bashi a kan mamaci. Daga nan maganar ta tashi daga sha'awar tsohon kaya.

Abu na farko da na yi shi ne neman wata rikodar. Na zaga kasuwa, na samu guda biyu wajen masu tsofaffin kaya. Ɗaya ba ta motsi sam. Ɗayar tana juyawa, na gwada ta da kaset ɗin waƙa, cikin minti ɗaya ta fara tauna shi. Wani Bayarabe mai sayar da kayan lantarki, da ya ga tsagen fuskata, ya ce, “Bagobiri, duniya tana wayar hannu kai kana neman rikoda?” Na ce masa bawa ba ya tambayar ubangidansa dalili. Muka yi dariya, kun san wasan da ke tsakaninmu. Shi ne ma ya yi mini kwatancen wani tsoho mai gyaran rediyo.

Da na je sai na tarar ashe na san shi. Mutumin yankinmu ne, da can yana bin kasuwannin Sabon Birni da Isa da akwatin kayan aikinsa. Shi ma rashin tsaro ya koro shi. Yanzu yana zaune a wata 'yar rumfa yana gyaran tocila da rediyon hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa rikodar. Ya kwance bayanta, ya sa batir, ya kara kunne. Muka ji tana cewa ƙas, ƙas, ƙas, a jere kamar agogo. Ya ce, “Ɗana, wagga ba mutuwa tay yi ba. Giya ta tat tsage.”

Bari in bayyana muku abin da ya nuna mini, domin sai an gane shi sauran labarin zai yi ma'ana.

Kamfanin Philips ne ya fito da wannan nau'in kaset a 1963. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne, kuma dole ya riƙa wucewa ta gaban kan da ke karanta sauti da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. In ya ɗara haka, murya ta koma ta yara. In ya gaza, ta koma ta mai maye. Kaset mai lamba 60 yana da minti 30 a kowane gefe, wato zare kusan mita 86 ke naɗe a cikin wannan ɗan akwati.

A cikin rikoda akwai ɗan injin da masu gyara ke kira moto. Shi ke jan bel na roba, bel ya juya wani faifai mai nauyi, a tsakiyar faifan akwai siririn ƙarfe kamar ƙusa. Zaren kaset yana bi ta tsakanin wannan ƙarfe da wata 'yar tayar roba da ke matse shi. Su biyun ne ke tsayar da gudu. To amma zaren da suka turo, dole wani ya naɗe shi a ɗaya ɓangaren. Wannan aikin giyoyi ne. In giyar da ke juya wurin naɗewa ta tsaya ko da na ɗan lokaci, ƙarfe da taya ba su sani ba, suna ci gaba da turo zare, shi kuma ba shi da wurin zuwa, sai ya cukurkuɗe ya nannaɗe a jikin taya. Abin da muke cewa rikoda ta ci kaset ke nan. Ba yunwa take ji ba, haƙori ne ya samu matsala.

Me ke tsaga giyar? Yawancinsu da roba mai tauri aka yi su, aka cusa su da ƙarfi a kan sandar ƙarfe. Shekaru suna tafiya, roba tana ɗan tsukewa, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Ga zafin ƙasarmu. Wata rana sai ta tsage daga tsakiya zuwa baki. Tsagar tana buɗe tazara tsakanin haƙora biyu, duk zagaye ɗaya in an zo wurin sai ka ji ƙas. Tamu ta wuce nan ma, haƙori ɗaya ya gutsure.

Na ce, “Baba, sai a sayo sabuwa.” Ya yi dariya har da tari. Ya ce a ina? Kuma gaskiyarsa. Ko Sony, da suka fito da Walkman a 1979 duniya ta ɗauka, sun daina yin mai kaset a Japan tun 2010. Ya zazzage wani gwangwani cike da giyoyin matattun rikodu, muka gwada ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Wata faɗin ya yi daidai, haƙoran sun yi girma. Wata haƙoran sun yi, ramin ya yi faɗi. Babu wadda ta zauna.

A nan na koyi wani lissafi da ya kamata duk mai son wannan aiki ya riƙe. Giya biyu ba sa cin juna sai girman haƙoransu ya zama ɗaya. Yadda ake ganewa: ka ƙirga haƙora, ka ƙara biyu, ka raba faɗin giyar da abin da ka samu. Tamu haƙora 28 gare ta, har da wanda ya gutsure, faɗinta milimita 15. 28 da 2, 30 ke nan. 15 a raba da 30, ya ba da 0.5. Wannan lambar ita ce girman haƙori, kuma ita za ka faɗa wa duk wanda zai yi maka sabuwa. Na ari ma'aunin nan mai baki kamar filaya wajen wani bakanike, da shi muka auna.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar tsofaffin rikodu da wannan ce sana'arsu. Wasu suna yanka giya da injin ƙira daga roba ko tagulla. Wasu suna zana ta a kwamfuta su fitar da ita da na'urar nan mai buga abu da jikinsa, ba hotonsa ba. Ita ma iri-iri ce. Mai narka zaren roba, bakinta yawanci milimita 0.4 ne, ya yi kauri ga haƙora ƙanana irin waɗannan. Mai daskarar da ruwan roba da haske ta fi fitar da su tsaf. Ni ba ni da ko ɗaya, kuma saura sati biyar biki.

Sai Baba ya ce mu yi zubi, irin yadda maƙeran farfaru ke zuba tukunyar dalma. In akwai asali, ana iya ɗaukar siffarsa.

Ga yadda muka yi, mataki mataki. Da farko muka zare giyar daga ƙarfenta a hankali. Da ta rabu da ƙarfen sai tsagar ta rufe da kanta, muka ɗiga gam kaɗan, muka ɗaure da zare ta kwana. Sannan muka wanke ta tas da buroshin haƙori, domin duk dattin da ka bari zai fito a jikin sabuwar.

Na biyu, mazubi. Muka sayo silikon ɗin nan da masu gilashi ke liƙe taga da shi, mai warin tsami, muka kwaɓa shi da garin sitaci har ya zama kamar ƙullin fulawa. Sitacin yana sa shi saurin kamawa. Muka shafa wa giyar bazilin kaɗan don kada ta manne, muka cika murfin kwalba da ƙullin, muka danna ta a ciki. Da ya kama muka ciro ta, ga siffarta nan, haƙori bayan haƙori.

Amma fa siffar har da giɓin. A nan ne tsohon ya nuna mini shekaru ba ƙarya ba ne. Ya mayar da giyar cikin mazubin, amma ya juya ta, yadda wurin da ya gutsure ya faɗa kan gurbin lafiyayyen haƙori. Sai ga ɗan rami a fili mai siffar haƙori cif. Ya cika shi da gam ɗin nan mai tiyub biyu da ake haɗawa. Washegari giya ta fito da haƙora 28. Daga ita muka sake yin sabon mazubi, cikakke.

Za ku ce to me ya sa ba a mayar da tsohuwar ba tunda ta gyaru? Domin da zarar an cusa ta a kan ƙarfen za ta sake buɗewa a inda ta tsage. Amfaninta ya ƙare a ba da siffa.

Na uku, zubi. A nan na yi ɓarna sau biyu, kuma laifina ne. Na farko na yi gaggawa wajen juya gam ɗin, iska ta shiga, haƙora uku suka fito da rami. Na biyu ban daidaita awon tiyub biyun ba, ta fito da laushi kamar cingam. Baba ya ce, “Kai ɗana, wa ka kora taka?” Wato wa ke kora ta. A karo na uku na samo gam mai jinkirin bushewa, na auna daidai wa daida, na juya a hankali, na riƙa tura shi cikin kowane haƙori da bakin allura. Muka bar ta kwana biyu ba mu taɓa ba.

Ramin tsakiya shi ne mai wuya. In ya kauce ko kaɗan, giyar za ta riƙa rawa. Mun bar alamar ramin a cikin mazubi, sai muka bi ta da siririn abin huji, da yatsu, ba da inji ba, muna yi muna gwadawa. Ba mu matse ta da ƙarfi a kan sandar ba, kada mu maimaita abin da ya kashe ta farko. Ta shiga daidai, muka riƙe ta da ɗigon gam. Bel ma mun canza, domin tsohon ya narke ya zama kamar kwalta. Muka goge kan da tayar da auduga da sifirit.

Muka sa kaset ɗin Narambaɗa tukuna. Ya yi gefe ɗaya cur, babu ƙas, babu tauna. Muka juya ɗaya gefen, haka. Baba ya jingina da bango yana kaɗa kai, ban sani ba ko waƙar ce ko aikin.

Daren Juma'a muka zauna a tsakar gida, ni da Inna da ƙanwata. Kafin in sa kaset ɗin na duba samansa na tabbatar an ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu, domin in an ɓalle su ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. Na zagaya zaren da biro daga farko har ƙarshe don ya saki jiki. Na ajiye waya biyu a gaban lasifika, duka suna ɗauka. Na ce bismillah na danna.

Sai shuuu na ɗan lokaci. Sai zakara ya yi cara, a Kumasi, a 1999. Sai gyaran murya, sai sallama.

Ba zan sa muku shi ba, na gida ne. Amma zan gaya muku muryarsa ta fi yadda nake tunawa sirantaka, kuma Gobiranci yake yi tsantsa. Ya gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabinsu yanzu ba su da rai. Ya ce abin da ke cikin Inna, in mace ce ga sunan da yake so. Sunan da take amsawa ke nan. Ta san labarin tun tana yarinya, amma ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ta tashi ta shige ɗaki, muka tsayar da rikoda sai da ta dawo.

Maganar bashin tana gefe na biyu, kusa da ƙarshe. Buhu biyu na gero, na wani mutum a wani ƙauye kusa da mu, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Muka bi sawu ta waya har muka samu babban ɗansa a wajen Gidan Rumji, inda suke gudun hijira. Ya ce mahaifinsu ya rasu, kuma shi bai taɓa jin zancen ba, ko an biya ko ba a biya ba. Ya ce sun yafe. Inna ta ce a'a, a kai. Muka aika musu kuɗin buhu biyu a farashin ranar. Daga baya ya kira ya ce ranar da saƙon ya iso, babu ko tiya ɗaya a gidan. Ni dai ban da abin cewa a nan sai Allahu Akbar.

To 'yan uwa, ga abin da nake roƙonku. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai irin wannan gwangwani. Wasiƙun 'yan ci-rani, karatun malamin unguwa, waƙar bikin iyaye, muryar makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Babu su a YouTube, kwafi ɗaya ne a duniya. Mu da ake kora daga garuruwanmu, wani lokaci abin da ya rage mana na gida ke nan.

In kun samu, kada ku jefa shi cikin kowace rikoda don ɗoki. Ku fara gwada ta da kaset ɗin da ba ku damu da shi ba, gefe biyu cur. In kun ji ƙas ƙas, ko kun ga ɓangaren da ke naɗewa yana tsayawa, ku kashe nan take. Ku raba kaset da rana, da zafin mota, da jikin lasifika, domin maganaɗisun da ke ciki yana lalata sauti. Ku duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, yakan faɗi, kuma in babu shi murya ba za ta fito sosai ba. Ranar da za ku saurara, ku ɗauka a waya tun daga juyin farko. In da hali ku haɗa waya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta, akwai manhajar Audacity, kyauta ce. Sannan ku tura wa 'yan uwa uku ko huɗu a garuruwa daban-daban. Giyar da muka zuba ba ta kai ta kamfani ƙwari ba, ban san ranar da za ta karye ba, kuma ban damu ba. Ta yi awa ɗayan da aka yi ta dominsa.

Na ƙarshe, ku nemi tsofaffin masu gyaran rediyo tun suna nan. Dabarar juya giya a cikin mazubi ba a waya na gani ba, a rumfar wani tsoho ɗan gudun hijira na gani, wanda yara ke wucewa ba sa ko kallonsa. Yanzu duk Asabar ina zuwa in zauna wajensa. Mun tashi rikoda huɗu bayan tamu.

Wanda ke da tsohon kaset a gida, ya rubuto mana ya gaya mana na mene ne, da garin da yake. In an samu da yawa, za mu ware shiri guda a kansu, kuma zan roƙi Baba ya zo da kansa, in ya yarda.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sauke musu nauyin da ke kansu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Sabon Birni da Isa da duk inda ake cikin wannan hali, Ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum warahmatullah.